Ɓeran Da Ya Riga Mu Shan Magani

Da yawanku kun san ƙwayar nan Mectizan, wadda a ke auna tsawon mutum da sanda kafin a ba shi. Makiyayanmu na Kebbe da Tambuwal kuwa sun san 'yar'uwarta, allurar tsutsa ta shanu. To, ku saurara ku ji asalinsu.

A shekarar 1973 wani masani mutumin Japan, Satoshi Omura, ya ɗebi ƙasa, ya sami wani ƙanƙanin abu mai rai a cikinta, wanda ido ba ya gani. Ya aika da shi Amurka, wurin kamfanin Merck. A can a kan sa wa ɓeraye tsutsar hanji da gangan, sa'an nan a gauraya abin da a ke son gwadawa cikin abincinsu. A 1975 aka duba hanjin wani ɓera da ya ci wannan, ba tsutsa ko ɗaya.

Amma ba a yi garaje ba. William Campbell da abokan aikinsa suka tace maganin, suka gwada shi a kan tumaki da shanu da dawaki, har suka gane gwargwadon da ke kashe tsutsa bai taɓa dabba ba. A 1981 aka fara sayar da shi don dabbobi. A shekarar nan kuma Likita Mohammed Aziz ya fara gwada shi a kan mutane a Dakar, masu ciwon makantar kogi, da kaɗan kaɗan. A 1987 kamfanin ya ce zai riƙa ba da shi kyauta. Omura da Campbell suka sami lambar Nobel a 2015.

Kun ga ashe sandan awon nan ba wasa ba ne, aikin shekaru da yawa ne. Saboda haka kada wanda ya sha maganin shanu don ya ji an ce asalinsu ɗaya, gama awon sa dabam, na mutum dabam. Kada ku ƙara a kan abin da aka ba ku. Mace mai ciki, da mai ciwo mai tsanani, da yaron da bai kai santimita 90 ba, ba a ba su. Wanda cikinsa ya dame shi ya zo ɗakin magani a duba shi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.