Yadda Sansanin Bello Ya Zama Birnin Shehu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato, ko a nan kudu wajen Tambuwal da Kebbe, ko can gabas wajen Isa, ya saba jin ana cewa "Sakkwato Birnin Shehu", har kunne ya ɗauka tun fil'azal haka abin yake. To, amma in mai karatu ya ƙirga shekaru zai ga abin mamaki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ba shi ya gina Sakkwato ba, bai kuma zauna cikinta ba sai kamar shekara biyu na ƙarshen rayuwarsa. Ya fi daɗewa a Ɗegel nesa ba kusa ba. Ya fi daɗewa a Gwandu, ya fi daɗewa a Sifawa, amma ba wanda ke cewa Sifawa Birnin Shehu. Abin da nake so mu duba shi ne yadda garin ya sami wannan alfarma, da irin canjin da aka yi cikin mulki da zaman jama'a da addini a shekarun farko, wato daga 1809 zuwa wajen 1853.

Birane masu alfarma iri biyu ne a tarihin Musulunci. Akwai waɗanda Musulmi suka tarar da alfarmarsu, kamar Baitul Muƙaddas, wanda ya shiga hannunsu zamanin Sayyidina Umar wajen 638, Yahudu da Nasara suna girmama shi tun da daɗewa. Akwai kuma waɗanda suka fara a matsayin sansanin mayaƙa, kamar Kufa da Basra a ƙasar Iraƙi, daga baya malamai da kaburburan manyan bayin Allah suka ba su daraja. Sakkwato tana cikin kashi na biyu. Kafin jihadi ƙauye ce ƙarama a kan tudu, kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suke haɗuwa. Da Alkalawa ta faɗi cikin Oktoba 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, sai Muhammadu Bello ya nemi wurin da zai tsaya ya fuskanci sauran Gobirawa da Azbinawa ta arewa da gabas. A 1809 ya kewaye tudun nan da ganuwa. Lissafin mayaƙi ne ya zaɓi wurin: tudu mai wuyar hawa ga dawaki, ruwa kusa, ga fadama ta noma da kiwo.

A wannan lokaci zuciyar jama'a tana Sifawa, kusa da Boɗinga. Can Shehu ya koma daga Gwandu wajen 1810, can yake karantarwa, can kuma masu neman fatawa da masu kai ƙara suke zuwa. Abdullahi ƙanensa yana Boɗinga, Bello yana Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba aikin, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, shi kuwa ya koma kan littattafansa. Wanda ya karanta abin da aka rubuta a shekarun Sifawa zai ga jama'ar ba ta cikin natsuwa. Nasara ta zo da dukiya, dukiya ta zo da gardama. Tun a 1807 Abdullahi ya taɓa barin runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, don ganin yadda wasu suka mai da jihadi hanyar tara dawaki da ƙwaraƙwarai da manyan riguna. Mutanen Kano ne suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Shi mutum ne mai tsanani a kan kiɗa da tufafin ƙawa da kalmar "sarki" ita kanta. Shehu kuwa, a littattafansa na wannan zamani kamar Najmul Ikhwani, ya sassauta, yana nuna wa jama'a cewa abin da malamai suka saɓa a kai ba a tsananta wa mutane a kansa. A ganina a nan ne canji na farko ya auku, tun Shehu yana da rai: masu wa'azi sun zama masu mulki, mulki kuwa ya tilasta musu karɓar wasu abubuwan da suka soki sarakunan Hausa a kai.

A 1815 Shehu ya taso daga Sifawa ya shiga Sakkwato, aka faɗaɗa garin ta yamma domin jama'arsa, aka yi masa masallaci. Bai daɗe ba ciwo ya kama shi, ya rasu ranar 20 ga Afirilu 1817, aka binne shi a gidansa. Abin da ya biyo baya sananne ne, ko da yake ba a cika son faɗarsa da ƙarfi ba. Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ya juya, ya koma Gwandu. Dubi ikon Allah: ganuwar da aka yi don Gobirawa, ga ta an rufe ta a gaban ƙanen Shehu, wazirinsa, wanda ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto. Ba sai na yanke hukunci tsakanin waɗannan bayin Allah ba. Abin lura shi ne, da Shehu ya rasu a Sifawa, kusa da Abdullahi, wa ya san yadda tarihi zai kasance? Wanda yake riƙe da garin da kabarin yake, shi ya riƙe jama'a.

Shekarar ba ta ƙare ba sai ga fitinar Abdussalami. Wannan malami Ba'are ne, almajirin Shehu tun da fari, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana na cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a 1804. An zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato kaɗan. Kukansa shi ne, da aka zo rabon ƙasa, na kusa da gida sun sami manyan yankuna, shi da ya sha wuya tun farko an bar shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bello da kansa ya kawo wasiƙunsu cikin littafinsa Sardul Kalami, har da zanen da Abdussalami ya aiko yana nuna rabon kowa, yana tambayar ina nasa. Bello ya tuhume shi da haɗa kai da abokan gaba. Aka yi yaƙi, Kware ta faɗi farkon 1818, Abdussalami ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, suka matsa wa Gwandu, har Bello ya kawo wa baffansa gudummawa, a nan ne su biyun suka shirya. Ya kamata ɗalibin tarihi ya tsaya a kan wannan al'amari, domin tambayar Abdussalami ba ta mutu da shi ba: jama'ar da aka tara da sunan addini, ba da sunan kabila ba, ta yaya rabon mulki ya karkata ga gidaje ƙalilan? A ƙarshe Kware ɗin ma ɗan Shehu aka ba, wato Isa Autan Shehu.

Muna da sa'a wani baƙo ya ga garin da idonsa yana ɗan shekara goma sha biyar. Baturen Birtaniya Clapperton, wanda ya yi tafiya da sunan Abdullahi, ya iso cikin Maris 1824. Ya ce ganuwar ta kai tsayin ƙafa 20 zuwa 30, da ƙofofi 12 da ake rufewa da faɗuwar rana, ga babbar kasuwa a tsakiya, ga manyan masallatai biyu, ɗaya Waziri Giɗaɗo yana kan gina shi, maginin kuwa mutumin Zazzau ne. Ya ce bai ga garin da ya kai shi cika ba a duk inda ya bi a tsakiyar Afirka. Amma abin da ya fi muhimmanci cikin labarinsa shi ne su wa suka cika garin. Manyan gari suna da bayi masu yawa, waɗanda ba sa aikin cikin gida suna zaune a gidajensu suna saƙa da gini da dukanci da ƙira, riba ta ubangida. Wato kamammun yaƙi daga Gobir da Zamfara da Kabi da sauran wurare su ne hannuwan da suka ɗaga birnin. Ba ma kyauta wa gaskiya in muka ambaci malamai muka manta da su. 'Ya'yansu da jikokinsu sun zama Sakkwatawa, kuma zaman cuɗanya da su na cikin abin da ya sa Hausa ta rinjayi Fillanci a titi da kasuwa, har ta shiga gidajen masu mulki. Sarautu ma haka: Kitabul Farƙi ya jera sunayen sarautun Hausa cikin abin ƙi, amma ba a jima ba sai ga Galadima da Magajin Gari da Magajin Rafi a fadar Sarkin Musulmi, ga Moyijo na Yabo ana kiran gidansa Sarkin Kabi.

Ta fuskar addini, Hubbare ne ya canja kome. Shehu ya yi rubutu yana hana shafar kabari da ɗibar ƙasarsa don neman tabarraki, ya kuma musanta cewa shi ne Mahadi lokacin da mutane suka fara raɗa haka. Duk da wannan, kabarinsa ya zama wurin ziyara. Waziri Giɗaɗo ya tattara karamominsa cikin Raulul Jinani, mutanen da ba su taɓa ganin Shehu ba suka san shi ta wannan hanya, a matsayin waliyyi Baƙadire, fiye da yadda suka san shi a matsayin mai sukar sarakuna. Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Giɗaɗo, ita ce ta fi kowa sanin yadda za a juya wannan ƙauna ta zama ilmi. Mata daga ƙauyuka, tsofaffi da 'yan mata, sukan taso ƙungiya-ƙungiya ƙarƙashin shugabarsu da ake kira jaji, wadda Nana take naɗa wa malfa, su zo ziyara da 'yar sadakarsu, su koma da waƙoƙin tauhidi da tsarki da tarihin Annabi cikin Hausa da Fillanci. Su ne 'yan taru. Wasu daga cikin waɗannan mata daga gidajen da bori yake da ƙarfi suka fito, Nana kuwa ba ta aika musu da dogari ba, ta ba su wani taro a madadin wancan. In ana neman inda Musulunci ya shiga ɗakin talaka da gaske, to a nan ne, ba a fagen fama ba.

Sai dai kuma, lokacin da alfarmar garin take ƙaruwa, masu mulki fita suke yi daga cikinsa. Bello ya ga cewa birni ɗaya ba ya tsare ƙasa. Ya koma ga tsohuwar dabarar Musulmi ta ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda za a zaunar da mayaƙa da malamai da masu sana'a. Ya matsa wa Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su rage shanu su kama kiwon dawaki da raƙuma da awaki, su sa yara makaranta. Abin da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina cikin Usulus Siyasa, cewa aikin shugaba ne ya tanadi manoma da maƙera da marina da mahauta, ya gina garuruwa da kasuwanni da hanyoyi, shi ya aikata a gida. Ya raba 'yan'uwansa da 'ya'yansa a bakin daga: Atiku a Bakura, Ahmadu Rufa'i a Silame, Muhammadu Buhari a nan Tambuwal, yana tsare hanyar kudu tsakanin Kabawa da Zamfarawa. Buhari malami ne, mawaƙin Larabci, mayaƙi kuma, wanda ya daɗe tare da baffansa Abdullahi. Gidansa bai riƙe sarautar Sarkin Musulmi a wancan zamani ba, amma zuriyarsa ce ke sarautar Tambuwal. Mu mutanen wannan yanki ta wannan ƙofa muka shiga tarihin Sakkwato: ganuwa, masallacin Juma'a, alƙali, kasuwa, da ɗan Shehu a tsakiyar gari.

Bello da kansa ya yi zama a Magariya, daga baya ya gina Wurno, can ya rasu cikin 1837, can aka binne shi, ba kusa da mahaifinsa ba. Atiku ya rasu a Katuru cikin 1842. Aliyu Babba ya fi zama Wurno, Ahmadu ɗan Atiku kuma Cimmola. Mai karatu zai tuna da Madina: Sayyidina Ali ya ɗauke mulki zuwa Kufa, Banu Umayya suka kai shi Dimashƙa, Madina ta zauna da kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da malamanta. Ba ina daidaita darajar wuraren ba ne, Allah ya kiyaye, tsarin ne ya yi kama. Da Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo a 1853, fadar Sarkin Musulmi Aliyu tana Wurno. Ya ziyarci Sakkwato ya tarar da unguwanni sun yi ƙarancin mutane, ko da yake kasuwa tana ci sosai, musamman kayan fata da na ƙira. Amma duk da haka a Sakkwato ake da gidan Shehu da masallacinsa da kabarinsa, kuma ba a taɓa jin an ce Wurno Birnin Shehu ba, ko da yake shekaru masu yawa daga can wasiƙun mulki suke fita zuwa Kano da Zazzau da Bauci da Adamawa.