Yadda Ɗalibin Harshe Ya Soma Auna Kansa

A dā, a jami'o'in Turai da Amurka, malami ne kaɗai mai faɗin matsayin ɗalibi a harshen da yake koyo. Ɗalibi ya haddace nahawu, ya fassara abin da aka ba shi, ya jira sakamakon jarrabawa. Wanda ya fāɗi, sai a ce ba shi da baiwar harshe. Ba safai ake tambayar abin da ya sa ya soma koyon ba, balle abin da ya sa ya karaya.

A shekara ta 1959 wasu masana biyu a ƙasar Kanada, Robert Gardner da Wallace Lambert, suka buga sakamakon binciken da suka yi a birnin Montreal a kan 'yan makaranta masu jin Ingilishi da suke koyon Faransanci. Suka tarar baiwa ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da himma. Suka kuma rarraba dalilan himmar gida biyu. Akwai mai koyo domin amfani, wato aiki ko takardar shaida. Akwai kuma mai koyo domin yana son ya kusaci masu harshen, ya san zamansu. Daga nan malaman jami'a suka fara kula da zuciyar ɗalibi.

Mataki na biyu daga Faransa ya fito. A 1969 Yves Châlon ya kafa wata cibiyar nazarin koyar da harsuna a Jami'ar Nancy. Bayan rasuwarsa a 1972, Henri Holec ya gaje shi. A can ɗalibi yakan zaɓi abin da zai saurara ko ya karanta, sa'an nan ya zauna da mai ba da shawara su duba inda ya kai. A 1979 Holec ya rubuta wa Majalisar Turai mai zama a Strasbourg rahoto, inda ya nuna cewa wanda ya ɗauki nauyin koyonsa dole ya iya auna ci gabansa da kansa. Shekara guda kafin haka, Mats Oskarsson na Jami'ar Gothenburg a Suwidin ya riga ya tsara wa Majalisar hanyoyin yin wannan awo.

Aikin ya kammala a 2001, sa'ad da Majalisar ta fitar da ma'auni mai hawa 6, daga A1 zuwa C2. A kowane hawa an jera abubuwan da mai koyo zai tambayi kansa: ko yana iya gaisuwa da ciniki, ko yana iya bin lacca, ko yana iya rubuta wasiƙa ba taimako. Jarrabawar Faransanci ta DELF ta bi wannan ma'auni tun 2005.

Amma awon kai yana da tarko. A 1997 Peter MacIntyre da abokan aikinsa suka gwada ɗaliban jami'a a Kanada, suka ga masu fargaba sukan rage wa kansu daraja, marasa fargaba kuwa sukan ƙara. Saboda haka ba a kawar da malami ba. Aikinsa ya zama ya taimaki ɗalibi ya faɗi gaskiya a kan kansa.

Wannan tarihi ya shafi 'ya'yan ikkilisiya. Saurayin da ya tashi daga Maraɗi zuwa jami'a a Yamai yana fama da Ingilishi, ɗalibar Kumasi tana fama da Faransanci, ɗalibin makarantar tauhidi kuma yana fama da Helenanci da Ibrananci. Da yawa sukan bari a tsakiya, gama ba sa ganin ci gabansu tsakanin jarrabawa da jarrabawa. Wanda ya rubuta abin da ya iya a yau, ya sāke dubawa bayan wata uku, zai ga tafiyar da ya yi da idonsa, ƙarfinsa kuwa ya sabunta. Mai bi ya saba binciken zuciyarsa kafin ya zo teburin Ubangiji, ba da fāriya ba, ba kuma da fid da zuciya ba. Irin wannan gaskiyar ce koyon harshe yake bukata.