Daga Dawakin Tofa zuwa Babura: Wa Ke Riƙe Hannun Sabon Ɗalibi?

A shekarar 1977 gwamnatin tsohuwar Jihar Kano, wadda Kazaure da Babura ke ƙarƙashinta a lokacin, ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya biyu a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Dalilin a fili yake: asibitoci da ma'aikatun jihar sun dogara ne da likitoci da injiniyoyin da ba 'yan jiha ba. Aka riƙa tace yara da jarrabawa, a kai su makarantar kwana, a ɗora su kan lissafi da kimiyya. Na maza ne duka biyun. 'Yan mata sai daga baya suka samu tasu a Taura, sannan Jahun, garuruwan da suka faɗa Jigawa da aka ƙirƙiro ta a 1991.

Tun daga nan gwamnati ce ke kan gaba. Kwalejin fasahar da aka kafa a Kazaure a 1991 ita ce ta zama Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kawo wa garin cibiyar koyon kwamfuta ta Informatics, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da kafa jami'ar fasaha a Babura.

A Amurka abin daga ƙasa ya taso. A can baya, a Jami'ar Purdue, kusan takwas cikin kowane goma na baƙaƙen fatar da suka shiga karatun injiniya ba sa tsallake shekarar farko. A 1971 ɗalibai biyu, Edward Barnette da Fred Cooper, suka kafa ƙungiya don toshe wannan ɓaraka, manya na yi wa ƙanana bitar darasi. A 1975 ɗalibai 48 daga makarantu 32 suka taru suka mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya, wato NSBE. Ba gini suka nema ba. Sun lura cewa shiga aji daban, zama a cikinsa daban.

Makarantun kimiyyar Kano su ma sun haifi ƙungiya, KASSOSA, wadda ta tara likitoci da injiniyoyi masu yawa. Sai dai ta tsofaffin ɗalibai ce: sai wanda ya riga ya haye ke shigarta. Alherinta ba ya musuntuwa, amma ba ta kwana a ɗakin kwanan ɗalibai.

Wadda ke da buƙatar abokin tafiya ita ce yarinyar da ta fito daga Gwiwa ko Roni, wadda ƙila ba ta taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawar JAMB, kuma a gida ana yi mata zancen aure. Makomarta a zangon farko ake yanke ta, lokacin da sakamakon lissafi ya fito, kuma mafi kusa da ita a ranar ita ce ɗalibar da ke gabanta da aji ɗaya.