Ɗakin Karatu na Jama'a da Ginin Al'umma a Arewacin Najeriya

Wannan nazari ya dubi tarihin ɗakunan karatu na jama'a a Arewacin Najeriya don gano abin da ke sa su amfani al'umma. Hujjar da za a kafa ita ce, ɗakin karatu yana ƙarfafa jama'a ne idan yana kusa da su, yana kuma ɗauke da littattafai cikin harshen da suke ji.

Tushen al'amarin

Tun kafin zuwan Turawa, malamai a Kano da Katsina da Sakkwato suna tara littattafai a gidajensu, almajirai na ara suna kwafa da hannu. Ɗakin karatu irin na hukuma kuwa ya yaɗu ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka buɗe ƙananan ɗakuna a ƙarƙashin En'e domin isar da labarin yaƙi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta dace da wannan buƙata, domin mutum ɗaya kan karanta ta da ƙarfi, jama'a su saurara su tattauna. A 1952 aka kafa ɗakin karatu na Jihar Arewa a Kaduna, a 1953 kuma UNESCO ta yi taro a Ibadan kan bunƙasa ɗakunan karatu a Afirka. A 1963 F. A. Sharr, masani daga Ostireliya, ya rubuta rahoto kan buƙatun Arewa a wannan fanni.

Inda gizo ke saƙa

Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, nauyin ɗakunan karatu ya koma kan gwamnatocin jihohi, manyan gine-ginen kuma suka taru a hedikwatoci, kamar Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad a Kano. Faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ta sa littattafan waje suka yi tsada, kantoci suka cika da tsofaffin bugu na Turanci. Ɗakunan suka zama wurin da ɗalibi ke zuwa da littafinsa don shirin jarrabawa, manomi da 'yar kasuwa da matar aure ba su da rabo a ciki.

Ana yawan cewa mutanenmu ba sa son karatu. Tarihin adabin kasuwar Kano ya ƙaryata wannan zance. Daga shekarun 1980, littattafan marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun shiga gidaje lungu-lungu, shagunan hayar littafi suka buɗe a unguwanni, mata suna aiken yara su karɓo musu. Mutane sun biya kuɗinsu sun karanta, saboda littafin na Hausa ne, shagon kuma yana bakin layi.

Abin da ya kamata

Wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, in bai sami abin karantawa ba, cikin ɗan lokaci zai manta. Ɗakin karatu ne ke riƙe wannan ilimi. Shi ne kuma wurin da ɗan talaka zai sami wuta da natsuwa da intanet kyauta, ya cike fom ɗin JAMB, matashi ya nemi aiki, ƙungiyar unguwa ta yi taro ba tare da an tambayi jam'iyyar kowa ko aƙidarsa ba.

Saboda haka ya wajaba hukumomin ɗakunan karatu su ware kason sayen littattafan Hausa, na boko da na ajami, su buɗe ƙananan rassa a gundumomi, su keɓe wa mata lokaci da ma'aikata mata, su kuma sa masu unguwanni da malamai cikin kwamitin gudanarwa. Al'ummar da ke da hannu wajen zaɓen littattafan ita ce za ta tsare ɗakin, ta kuma tambayi gwamnati in kasonsa ya makara.