Yadda ake haɗa ma'aikatan fim a Kannywood

Duk mai shirya fim ɗin Hausa yakan fuskanci tambaya guda kafin a kunna kyamara: wa zai ɗauka aiki na dindindin, wa zai kira ya sallame shi bayan an gama, kuma wane aiki zai miƙa wa wani kamfani ɗungurungum?

Amsar ta sha sauyawa tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo.

Rukuni uku

Kafin zuwan bidiyo, gidajen talabijin na gwamnati, irin su NTA Kano da CTV, su ne ke riƙe da masu ɗaukar hoto da masu tace shiri a kan albashi.

Da kasuwar kaset ta bunƙasa, sai kamfanoni irin su Sarauniya da Iyan-Tama da FKD suka bayyana, aikin kuma ya rabu gida uku.

Na farko su ne 'yan gida, waɗanda kullum suna tare da kamfani. Ba su da yawa, kuma sau da dama dangantakarsu da mai kamfanin ta yaro da ubangida ce, ba ta rubutacciyar yarjejeniya ba.

Na biyu su ne masu zaman kansu: jarumai da daraktoci da marubuta da mawaƙa. Su ne mafi rinjaye, kuma abin da ake ba su kan kowane fim shi ake kira sallama.

Na uku su ne kamfanonin da ake kai wa aiki: situdiyon da ke buga waƙoƙi, masu bayar da hayar kyamara da fitilu, da masu tace hoto. A zamanin kaset da faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata ne ke rarraba finafinan, wani lokaci ma su ke zuba jarin.

Riba da hasara

Ɗan gida ya san salon kamfani kuma ana samunsa a kowane lokaci, amma ɗawainiyarsa ba ta tsayawa ko da babu aiki.

Mai zaman kansa yana kawo suna da gwaninta, sai dai yana iya karɓar ayyuka da dama a lokaci guda, a yi ta jiransa a wurin ɗaukar fim.

Kamfanin haya kuwa yana hutar da furodusa sayen kayan aiki masu tsada, amma furodusan ba shi da iko sosai kan lokacin da za a gama masa.

An ga wanda ya fi jin jiki a wannan tsari a 2007, sa'ad da hukumomin Kano suka dakatar da ɗaukar finafinai na tsawon watanni. Waɗanda ke rayuwa kan sallama sun wayi gari babu abin yi, wasu suka koma Kaduna neman aiki.

Zamanin dogon zango

Satar fasaha ta karya kasuwar faifai, kuma bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 da shirinta na Daɗin Kowa, hankali ya koma kan shirye-shirye masu dogon zango. Labarina da Izzar So sun biyo baya a 2020.

Wannan ya sauya lissafi. Fim guda ana iya gama ɗaukarsa cikin kwanaki kowa ya kama gabansa, amma shiri mai dogon zango yana bukatar marubuci da jarumai su zauna shekaru.

Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, sai da aka ɗauko Fati Washa ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya, masu kallo kuma suka daɗe suna muhawara a kai.

Darasi daga waje

A Amurka, manyan kamfanonin Hollywood sun taɓa ɗaure jarumai da yarjejeniyar shekara bakwai. Tsarin ya fara rushewa bayan jaruma Olivia de Havilland ta yi nasara kan kamfanin Warner Bros. a kotu a 1944.

A Birtaniya kuma, dokar watsa shirye-shirye ta 1990 ta wajabta wa manyan tashoshin talabijin su sayi aƙalla kashi 25 cikin 100 na wasu nau'o'in shirye-shiryensu daga kamfanoni masu zaman kansu.

Abin da ke raba gardama shi ne yanayin aikin. Wanda ake bukata kowane mako, kamar rubuta labarin shiri mai dogon zango, ya fi dacewa da ɗan gida. Wanda ke zuwa jefi-jefi, kamar waƙa, ya dace da mai zaman kansa. Wanda ke bukatar na'ura mai tsada sai a kai wa kamfani.

Ko wanne aka zaɓa, akwai batun mallaka. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sanya wa sabuwarta hannu a 2023, miƙa haƙƙin wani aiki ga wani ba ya tabbata sai a rubuce.

Ke nan furodusan da ya sallami marubuci ko mawaƙi da fatar baki kawai, yana iya wayar gari ana jayayya da shi kan labarin da ya zuba wa dukiyarsa.