Bernie Wrightson, mai zanen dodanni

Yau mun leƙa Amurka, wajen Bernie Wrightson, gwanin zana labaran ban tsoro, haifaffen Baltimore a 1948. Shi da marubuci Len Wein suka ƙirƙiro dodon fadama, Swamp Thing, a 1971. Shi ya zana bangon faifan Meat Loaf, Dead Ringer, a 1981.

To, amma aikin da ya fi ji da shi fa? Zanen littafin Frankenstein. Shekara bakwai yana fama da alƙalami da tawada, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi, har ya fito a 1983. Sankarar ƙwaƙwalwa ta yi ajalinsa a 2017. Bayan shekara biyu aka sayar da ainihin zanen bangon littafin dala miliyan 1.2.

Mu kwana nan.