Jan ƙaramin jirgin sama a kan titi

Jan ƙaramin jirgin sama a kan titi wata hanya ce ta kai jirgi daga gida ko gareji zuwa filin tashi, inda ake ɗaura shi a bayan mota yana birgima a kan tayoyinsa na sauka, ba tare da an ɗora shi a kan tirela ba. An fi yin haka da jirage masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, waɗanda fukafukansu ke naɗewa ko cirewa. Babban dalilin yin sa shi ne kuɗi, domin hayar rumfar ajiye jirgi a filin jirgi tana da tsada, wanda ya iya ajiye jirginsa a gida kuwa ya huta da wannan nauyi.

Tarihi

Tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji kan cire fukafukan jirgi, su ɗaga wutsiyarsa su ɗora a bayan babbar mota, su ja shi zuwa wani sansanin. Bayan yaƙi sai dabarar ta koma hannun farar hula. A gasar ƙananan jirage da aka yi a Lympne ta ƙasar Ingila a watan Oktoba na 1923, an ƙayyade girman inji kada ya wuce cc 750, kuma akwai jarrabawar sufuri: dole a naɗe ko a kwance jirgin, ya wuce ta ƙofar gona, mutanen da ba su fi biyu ba su tura shi tsawon mil ɗaya a kan hanya. Manufar masu gasar ita ce a samu jirgin da mutum zai ajiye kamar yadda yake ajiye mota.

Jirgin da ya fi kusantar cika wannan buri shi ne DH.60 Moth na kamfanin de Havilland, wanda ya fara tashi ranar 22 ga Fabrairu, 1925. Faɗin fukafukansa ya kai kusan mita 9, amma idan aka naɗe su baya sai faɗin ya koma kimanin mita 3, ya shiga rumfa, a kuma ja shi da mota. A Faransa, Henri Mignet ya fito da HM.14 a 1933, ƙaramin jirgin da mutane ke ƙerawa da hannunsu a gida, suna jan sa zuwa fili a bayan abin hawa.

A Amurka, jirage biyu da aka ƙera a jihar Idaho ne suka farfaɗo da al'adar: Avid Flyer na Dean Wilson a 1983, da Kitfox na Dan Denney a 1984. Ana sayar da su a kwance mai shi ya haɗa, kuma fukafukansu na juyawa baya su kwanta a gefen gangar jiki cikin 'yan mintoci.

Yadda ake yi

Jirgin da ya fi dacewa da ja shi ne mai manyan tayoyi biyu a gaba da ƙaramar taya a wutsiya. Ana ɗaga wutsiyar, a haɗa ta da maƙalin da ke bayan mota ta hanyar sandar ƙarfe, jirgin ya riƙa tafiya da baya, hancinsa na kallon inda aka fito. Wannan tsari yana da hikima. Cibiyar nauyin irin wannan jirgi tana bayan manyan tayoyi, naɗe fukafukai kuma yana ƙara tura nauyin zuwa wutsiya, don haka wani kaso na nauyin yana sauka a kan maƙalin mota, abin da ke rage wa duk abin da ake ja yin lilo. Sai dai wannan nauyi yana bi ta siraran bututun wutsiya da ba a ƙera su don ramukan titi ba, shi ya sa wasu ke ƙara sandunan tokara.

Kafin a tashi ana ɗaure farfela, a kulle sassan fiffike da na wutsiya masu motsi don kada iska ta riƙa kaɗa su, a kuma rage man da ke tankunan fiffike, saboda yakan tsiyaye ta kafar iska idan an naɗe. Jirgi mai taya a hanci ya fi wuyar sha'ani, domin tayar gaban tana da iyakar da za ta juya, kwana mai tsanani kuwa na iya lanƙwasa ƙafar.

Matsaloli

Tayoyin ƙaramin jirgi da boris ɗinsu an yi su ne don gudun 'yan daƙiƙu wajen tashi da sauka, sannan su huce. Ƙaramar taya tana juyawa sau da yawa fiye da ta mota a tafiya ɗaya, don haka idan aka daɗe ana gudu sai giris ya narke, boris ya yi zafi ya ci kansa. Haɗarin a nan shi ne lahanin ba lallai ya bayyana a titi ba, yana iya jira sai ranar da jirgin ya taɓa ƙasa da gudu. Akwai kuma batun saitin taya: idan tayoyin sun ɗan karkata ciki a tafiyar gaba, a tafiyar baya karkatar juyewa take yi, taya ta riƙa gogar kwalta tana cinyewa.

Ƙafafun jirgi da yawa igiyar roba ce ko lanƙwasasshen ƙarfe ke shanye musu bugu, ba su da abin kashe tsalle irin na mota. Girgizar hanya tana gajiyar da wuraren walda, tana kuma lalata na'urorin gaban matuƙi, musamman masu majuyi a ciki. Ga tsakuwar da tayoyin mota ke watsowa a kan yadin da aka lulluɓe jirgin da shi, ga iskar manyan motoci da kan iya kifar da abu marar nauyi mai faɗin gefe. Saboda haka ja a kan tayoyin jirgi ya fi dacewa da gajeriyar tafiya a hankali. Doguwar tafiya aikin tirela ne.

Doka

Da zarar jirgi ya hau titi, dokar hanya ce ke hawa kansa, kuma a wurare da yawa tana ɗaukar sa kamar tirela: ana bukatar fitilun baya, da na birki, da sarƙar kariya, wani wuri har da lamba. Iyakar faɗin abin hawa a manyan hanyoyin Amurka inci 102 ne, wato kusan mita 2.6, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma mita 2.55. Abin da ya wuce haka sai da izini na musamman, kuma Moth da kansa, duk da naɗewar fukafukansa, ya zarce wannan iyaka ta yau.